Ciwon Daji: Rigakafin Yana Farawa Daga Gida

A ƙauyukanmu ba a cika kiran sunan wannan ciwo da ƙarfi ba. Wasu su ce daji, wasu su ce sankara, ma'aikatan asibiti kuma su ce kansa. Idan mace ta sami ƙullutu a nono, ko magidanci ya rame cikinsa ya kumbura, abin da ake fara faɗa shi ne an yi masa jifa, ko ya taka wani abu a gona. Akwai kuma masu cewa daji ba ya son allura, ba ya son wuƙar likita. Saboda wannan magana mutane da yawa sun zauna a gida wata da watanni suna shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Sai ciwo ya ci jiki a ɗauke su zuwa asibitin Gumel, daga can a tura su Dutse ko Kano. In sun rasu a ce allura ce ta tayar da ciwon, alhali jinkiri ne ya kashe su.

Ciwon daji ba jifa ba ne. Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Suna tsufa su mutu, sababbi su maye gurbinsu, komai bisa tsari. Wani lokaci sai wasu daga cikinsu su lalace, su yi ta hayayyafa ba tsayawa, su zama ƙari, su riƙa cinye ƙarfin jiki kamar yadda ƙuduji yake cinye gonar gero. In an bar su sai su bi jini su yaɗu zuwa wasu sassa. Ba a ɗaukar ciwon daji ta wurin jinyar mai shi, ko cin abinci tare da shi.

Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2022 mutum fiye da 120,000 suka kamu da ciwon daji a Nijeriya, kusan 80,000 kuma suka mutu. Hukumar ta ce kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ciwon daji ana iya hana shi aukuwa. Mu lura, ba a ce duka ba. Akwai na gado, akwai wanda tsufa ke kawowa, akwai wanda bai taɓa shan taba ko giya ba amma ya same shi. Don haka kada a ɗora wa mai ciwo laifi. Maganarmu a nan a kan rabon da ke hannunmu ne, kuma a wannan yanki namu babban rabon yana cikin hanta.

Hanta da maƙiyanta biyu

Sankarar hanta takan kama maza masu ƙarfi, 'yan shekara 30 zuwa 50, masu iyali a wuya. Ba ta nuna kanta da wuri. Kafin ido ya yi rawaya, ciki ya tara ruwa, yawanci ta riga ta yi nisa, kuma a wannan mataki abin da asibiti zai iya yi kaɗan ne. Shi ya sa rigakafinta ya fi na kowace muhimmanci. Abubuwa biyu ne suka fi kawo ta a ƙasarmu: ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B, da wata guba da ke cikin gyaɗa da masara masu fumfuna.

Bari mu fara da ciwon hanta. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna cewa wajen mutum 8 cikin kowane baligi 100 a Nijeriya suna ɗauke da wannan ƙwayar cuta. Wato in mutum 100 suka taru sujada ranar Lahadi, kada mu yi mamaki in akwai bakwai ko takwas a cikinsu, kuma yawancinsu ba su sani ba, domin cutar takan zauna shiru shekara 20 ko 30 tana cin hanta a hankali.

Ta jini take shiga, da ta saduwa, da kuma daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa. Ku duba inda jini yake haɗuwa a rayuwarmu. Askar wanzami ɗaya ta yi wa yara biyar kaciya, ta yi wa jariri tsaga da cire beli, ta yi wa dattijo ƙaho. Mai yankan farce a kasuwar Maigatari ranar Alhamis zai iya yi wa mutum 40 da almakashi ɗaya. Mai allura a ƙauye ya tsiyaya wa sirinji ruwa ya sake amfani da shi. Ba muna cewa a raba wanzami da sana'arsa ba ne. A saya masa sabuwar reza a riƙe a hannu, ya ɓare ta a gabanku. Kuɗin reza bai kai na goro ba. Allura kuma, in ba a gabanku aka yage ledarta ba, kada ku miƙa jiki.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa ana ɗaukar ciwon hanta ta zufa, ko ta gaisawa, ko ta cin tuwo a kwano ɗaya. Ba gaskiya ba ne. An ware mutane a gidajensu, an raba musu kofi da tabarma, a banza. Abin da iyalin mai ciwon suke bukata shi ne gwaji da allurar rigakafi.

Ga abin da ya kamata kowace uwa da kowace ungozoma su riƙe. Babban mutum in ya kamu, yawanci jikinsa yakan kori cutar da kansa. Jariri kuwa, in ya ɗauka a wajen haihuwa, 9 cikin 10 cutar za ta zauna musu har tsufa, kuma su ne sukan zo su yi sankarar hanta. Akwai allurar da ake yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa, kyauta ce a asibitin gwamnati. Sauran suna cikin allurar da ake yi a mako 6, da 10, da 14. Matsalarmu ita ce mata da yawa a gida suke haihuwa, kuma ba a fita da jariri sai an yi suna. Kwana bakwai ya yi yawa. In mai jego ba za ta iya fita ba, miji da kaka su naɗe jaririn su kai shi ranar da aka haife shi. Wannan aiki ne da zumuntar mata za ta iya ɗauka a kanta: duk gidan da aka ji guɗa, a aika mutum ya tambaya ko an kai yaro.

Ba zato ake yi ba game da amfanin allurar nan. Ƙasar Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984, bayan shekaru kuma sankarar hanta ta ragu sosai a cikin yaran da aka yi wa. A Gambiya, nan yammacin Afirka, an fara a 1986, yaran da aka yi wa kuwa kaɗan ne ƙwarai suka tashi da cutar. Nijeriya ta sa ta cikin alluran yara a 2004. Ma'anar wannan ita ce duk wanda aka haifa kafin 2004 bai samu ba, sai in ya nema da kansa. Babba ya je a gwada jininsa tukuna. In ba shi da cutar, a yi masa allura uku cikin wata shida. In yana da ita, ba ƙarshen duniya ba ne. Akwai ƙwayar da likita yake ba wanda ya kamata, ana sha kullum, tana danne cutar ta kuma rage haɗarin sankara. Ba kowane mai cutar ne yake bukatar ƙwayar ba, amma kowa yana bukatar a riƙa duba hantarsa. Mu yi hankali da masu yawo da lasifika a kasuwa suna sayar da "maganin wanke hanta". Hantar da take fama ba ta bukatar ƙarin jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba.

Gubar da ke cikin rumbu

Maƙiyi na biyu muna nomansa da hannunmu ba mu sani ba. Akwai wata irin fumfuna mai launin kore-kore da ke zaune a cikin ƙasa, tana kama gyaɗa da masara fiye da komai. Gero da dawa ba ta cika damunsu kamar waɗannan ba. Ita ce take fitar da gubar da ake kira aflatoksin. An gano ta ne a Ingila a 1960, sa'ad da talotalo wajen 100,000 suka mutu bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu saboda cin masarar da ta yi fumfuna. Wannan in an ci da yawa a lokaci ɗaya ke nan. Abin da ya fi damunmu shi ne ci kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, a kunun gyaɗa da ƙuli-ƙuli da miya. Shi ne yake lalata hanta, yana kuma hana yara girma. Idan gubar ta tarar da mai ciwon hanta nau'in B, haɗarin sankara yakan ninku sau da yawa.

Abu biyu sun sa ta zama mugun abu. Na ɗaya, wuta ba ta kashe ta. A soya gyaɗar, a dafa, a toya ƙuli-ƙuli, gubar tana nan. Na biyu, tana son irin ƙasarmu. Gyaɗar da ruwa ya ɗauke mata tana cikin zuba 'ya'ya, ga rairayi mai zafi, ita fumfunar ta fi kamawa tun tana cikin ƙasa. Manoman Ɗanzomo da Sule Tankarkar da Gagarawa sun san sau nawa damina take tsayawa kafin gyaɗa ta nuna.

To, me za a yi? A ƙasar Gini an gwada wasu matakai masu sauƙi a ƙauyukan yankin Kindiya, aka buga sakamakon a 2005. Ƙauyukan da suka bi matakan, gubar da aka samu a jinin mutanensu ba ta kai rabin ta sauran ƙauyuka ba. Ba wata na'ura aka kawo musu ba. An koya musu su tsince gyaɗar da ta lalace, su shanya a kan tabarma maimakon ƙasa, su tabbata ta bushe, su zuba a buhun da iska ke ratsawa, su ɗora buhunan a kan katako. Duk muna iya wannan.

A cire gyaɗa da zarar ta nuna, kada a bar ta a ƙasa ana jiran a gama yankan gero. A kula kada fartanya ta fasa ɓawo, domin ta nan fumfuna take shiga. Kada a tara ta ɗanya a lulluɓe da leda. Ta bushe har in an girgiza a ji tana ƙara, in an ciza ta fashe ƙas. Masara ma haka. Buhu kada ya taɓa ƙasa, kada ya jingina da bango. A gyara rufin rumbu kafin ruwan farko, a kuma yi maganin ɓera da ƙwari, domin hatsin da suka huda shi ne yake fara ruɓa. Akwai kuma wani abu mai suna Aflasafe da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fitar. Ƙwayar dawa ce mai shuɗin launi, ɗauke da irin fumfunar da ba ta da guba. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, mako biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure, sai marar gubar ta rigayi mai gubar kama wuri. A tambayi malamin gona inda ake samunsa.

Sai magana mai ɗaci. Mun saba mu tsince gyaɗa mai kyau mu kai kasuwa, mu bar wa gida ƙanana da yamutsattsu da masu baƙi-baƙi. Da su ake yin kunun yara, da su ake yin tunkuza. A cikin waɗannan kuwa gubar ta fi taruwa. Wato mai kyau ta tafi Kano, guba ta zauna a tukunyarmu. Mun san talauci ne ya kawo haka, kuma ba abu ne mai sauƙi ba a ce wa uwar gida ta zubar da mudu guda. Amma gyaɗar da ta canza launi, ko ta yi ɗaci a baki, a tofar, a binne sauran. Kada a ba akuya ko saniyar tatsa, domin gubar tana fitowa a nono. Mata masu sana'ar mai da ƙuli-ƙuli su ma su duba irin gyaɗar da suke saye da araha a ƙarshen rani.

Sankarar bakin mahaifa

Bayan ta nono, ita ce ta fi kashe mata a Nijeriya. A 2020 an ƙiyasta mata wajen 12,000 sun kamu, wajen 8,000 sun mutu. Wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV take kawo ta, ana ɗaukarta ta saduwa. Tana da yawa ƙwarai, kuma a jikin yawancin mata takan tafi da kanta. A wasu takan zauna shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Mace za ta iya samu daga mijinta ko da ba ta taɓa sanin wani namiji ba, saboda haka ciwon nan ba shaida ba ne a kan halin mace. Maza su ji wannan da kyau: yawon miji yana iya zama ajalin matarsa. Aurar da yarinya tun jikinta bai ƙosa ba yana ƙara haɗarin, haka kuma cutar ƙanjamau.

A watan Oktoba 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV, Jigawa kuwa tana cikin jihohin farko. Allura ɗaya ce, kyauta. Wasu iyaye sun hana, wai tana hana haihuwa. An fara amfani da ita a duniya tun 2006, an yi wa miliyoyin 'yan mata, da yawansu yanzu iyaye ne. A Ingila binciken da aka buga a 2021 ya nuna sankarar ta ragu da kusan kashi 90 cikin 100 a cikin waɗanda aka yi wa suna shekara 12 zuwa 13. Abin da yake raba mace da mahaifarta shi ne sankarar, ba allurar ba. In 'yarku ta kai shekara 9, ku tambaya a asibitin da ake allurar yara.

Matan da suka wuce shekarun allura, nasu rigakafin shi ne gwaji. Daga shekara 30, ko da ba a jin komai, ma'aikaciyar lafiya ta duba bakin mahaifa. In ta ga wurin da ya fara canzawa, ana iya maganinsa kafin ya zama sankara. Jini bayan saduwa, jini bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, ba abin ɓoyewa ba ne don kunya.

Taba da giya

Waɗannan kowa ya san su, ba sai mun tsawaita ba. Hayaƙin sigari yana da abubuwa wajen 70 masu kawo sankara, kuma ba huhu kaɗai suke kamawa ba, har baki da maƙogwaro da mafitsara. Matar mai shan taba da 'ya'yansa suna sha tare da shi in yana busawa a ɗaki. Taba gari da ake sawa a baki tana kawo sankarar baki, shishar da samari suka koyo a birni kuma ruwan da ke cikinta ba ya tace komai. Dokar 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, amma har yanzu muna aiken yara su sayo mana kara ɗaya. Wanda ya daina bai makara ba: bayan shekara 10 haɗarin sankarar huhu yakan sauko zuwa wajen rabi.

Giya kuwa, jiki bai san bambancin burukutu da ta kwalba da ta leda ba. Tana da hannu a sankarar baki, maƙogwaro, hanji, nono da hanta. Mai ciwon hanta nau'in B da yake shan giya yana zuba wa wuta kananzir ne.

Waɗanda ba a cika ambata ba

Tsargiya. Yaro yana fitsarin jini, a yi dariya a ce ya zama namiji. Tsutsa ce da ake ɗauka a wankan kududdufi da tafki, da kuma ruwan fadama ga masu zuwa noman rani wajen Haɗeja. In ta daɗe a mafitsara ba magani tana iya zama sankara. Maganinta ƙwaya ce mai suna farazikwantel, akan raba ta a makarantu. In an zo rabo kada a hana yaro sha.

Zabiya. Rana ce take kawo musu sankarar fata, kuma tana kashe su da ƙuruciya. Yaro zabiya ba na kiwo ba ne da tsakar rana. A ba shi malafa mai faɗi da riga mai dogon hannu, a ba shi aikin inuwa, a dage a kan karatunsa. Gyambon da ya ƙi warkewa a fatarsa a nuna wa likita da wuri.

Game da abinci, ba mu da abin koyo a wajen mutanen birni. Tuwon gero da dawa, wake, miyar kuka, zogale, rama da yakuwa, ga aikin gona da tafiyar ƙasa, su ne abin da likitoci suke roƙon mutanen birni su koma wa. Ƙiba da zama wuri ɗaya da yawan lemon kwalba suna ƙara haɗarin sankarar hanji da ta nono. Amma zogale abinci ne, ba ya warkar da sankarar da ta riga ta kama. Shayar da nono ma yana rage wa uwa haɗarin sankarar nono, gwargwadon daɗewar shayarwar. Ragewa yake yi, ba ya hanawa gaba ɗaya. Saboda haka kowace mace ta san yadda nononta yake. Ƙullutun da ba ya zafi shi ne abin tsoro, ba mai zafi kaɗai ba. In an ji shi, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a ɗaura masa magani ana jiran ya fashe. A tafi babban asibitin Gumel cikin makon nan. Yawancin ƙullutu ba sankara ba ne, amma gwaji ne kaɗai zai nuna. In an ba da takardar zuwa asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, a tafi da ita, kuma dattawan ikilisiya su taimaka da kuɗin mota tun a tafiyar farko.